Shekara huɗu ina ɗinka wa wani tawaye

Ranar Asabar da ta wuce na je na kwaso almakashina da awona daga shagon da na yi shekara huɗu ina ɗinki a Garwa ta Kamaru. Mutanen Garwa ba sai na kama musu suna ba, sun san shi: mai ƙofar gilashi da baƙin bango, inda aka rubuta "ba mu bin kowa" da Faransanci, da jan fenti a karkace, kamar yaran unguwa ne suka ɓata wurin cikin dare. Ni na riƙe wa mai fentin tsani ranar da ya rubuta.

Maigidan ya yi zaman Faransa, kuma ba zan hana shi abin da ya sani ba. A bakinsa na fara jin cewa matashi ba riga yake saya ba, abin da yake so a faɗa a kansa yake saya. Ya sha ba mu labarin Vivienne Westwood, wadda a shekarun 1970 take sayar da yagaggun riguna a shagonta na King's Road a Landan, ga samarin da suka gaji da iyaye da gwamnati da gidan sarauta. Ya nuna mana a wayarsa takalmin da kamfanin kayan sawa na Balenciaga suka fitar a 2022, a yage, duk dauɗa, kamar an tsinto shi a juji, kuɗinsa dala 1,850, wato sama da sefa miliyan ɗaya. Abin da bai taɓa faɗa mana ba, sai daga baya na karanta da kaina, shi ne gidan sarautar nan da Westwood take yi wa tsiya shi ya ba ta lambar girma a 1992, ya ƙara mata wata a 2006.

Aikinmu a shekarar farko kusan duk ɓarna ne. Ana kawo dilar gwanjo daga Duwala, mu zaɓi wandunan jins masu ƙwari waɗanda ba su wuce sefa dubu biyu ba, mu warware tambarin da ke ƙugu. Sai a shimfiɗa wando a kan katako, a tsaga gwiwa da reza, a bi da samfefa har shuɗin ya kwanta, a zauna da allura ana zaro farin zaren ɗaya bayan ɗaya don yagar ta yi kama da ta tsufa. A yayyafa ruwan jabel mai koɗe launi, a shanya, a liƙa tambarin maigida. A sayar da shi dubu talatin da biyar. Da yamma a kwashi samari zuwa bakin Binuwai kusa da gada, a ce su ɗaure fuska, kar wanda ya yi murmushi, a ɗauki hoto a sa a Instagram a rubuta cewa guda goma ne kacal. Ni da na ɗinka su na san arba'in ne a ɗakin baya.

Akwai tsohon tela a cikinmu da muke kira Baba, gwanin surfani, wanda idan ya yi wa babbar riga aska takwas sai ka tsaya kallo. Ranar da aka fara miƙa masa reza, ya daɗe yana juya ta a hannu, sannan ya ce da ni a hankali: "Yaro, shekara talatin ina rufa wa mutane asiri da allura, yau kuma an ce in tona." Ya yi aikin dai, yana da iyali.

Kuskurena a kan wata jaket ne. Ƙyallayen da ake sharewa a zubar nake tarawa: guntun shadda, atamfar masaƙar CICAM, da ragowar jar fata ta majemar Marwa. Na haɗa su ɗaki-ɗaki yadda Inna take yi mana facin zanin rufa muna yara, na bar ɗinkin a waje da farin zare mai kauri, ban ɓoye shi ba. Don kaina na yi ta, saboda sanyin hunturu idan zan hau babur da asuba. Maigida ya gan ta a jikina, ya sa na tuɓe, ya juya ta ciki da waje. Ya tambaya ko ina da wasu irinta, na ce suna cikin littafin da nake zane. Ya ce, "Kawo in gani, ƙanena. Ni da kai ai ɗaya ne. Sunanka zai hau kusa da nawa, kuma kana da kaso a kowace riga."

Na ba shi littafin. Babu takarda, babu shaida, daga ni sai shi a ofis. Na san ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a Suratul Baƙara, tana cewa a rubuta bashi a kafa shaidu, na karanta ta tun ina makarantar allo. Amma kunya ta hana ni cewa mutumin da ya kira ni ƙanensa ya sa hannu. Kuma gaskiya ita ce na yarda da rubutun bangon nan. Na ɗauka mu ma da ke bayan keke muna cikin waɗanda ba su bin kowa.

Jaket ɗin ta karɓu. Dubu casa'in ake sayar da ita, 'ya'yan manya suna aikowa daga Injamena ta Kusuri, wasu daga Yawunde. Kwana biyu cur take ci a hannun tela, ladanta dubu huɗu. Sai ga bidiyo yana yawo, maigida yana bayani cewa tunanin ya zo masa ne a jirgin ƙasa na birnin Paris, da ya ga yadda Turawa ke raina kayan Afirka ya ce sai ya rama. Sau uku na kalla, ina jiran ko da kalmar "telolina". Inna ma ta gani a wayar ƙanwata, ta ce, "Wannan ba facina ba ne?"

Na yi wata biyar ina haɗiye maganar kafin na tayar da ita, kuma na tayar da ita a gaban sauran teloli, wanda shi ma kuskure ne. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, kai tela ne. Teloli a garin nan sun kai masu babur yawa. Suna mutane ke saya, sunan kuma nawa ne." Daga ranar na tashi daga ƙane na koma Malam. Aka daina ba ni jaket, aka mayar da ni kan cin bakin wando da sa zif. Babu wanda ya buɗe baki a shagon, kuma ban ga laifinsu ba. Wanda ya makara minti goma ana yanke masa dubu ɗaya, wanda ya yi musu ya san hanyar ƙofa.

A 2024 na ga labarin wata kotu a Milan ta Italiya, inda takardun bincike suka nuna ana biyan wani ɗan kwangila yuro 53 ladan haɗa jakar Dior da ake sayarwa yuro 2,600. Na buga lissafi: kusan sefa dubu 35 ke nan a kan miliyan ɗaya da dubu ɗari bakwai. A nan na gane maigida bai ƙirƙiro komai ba, har zaluncin ma koyo ya yi.

Abu ɗaya da yake damuna wanda ba zan ɗora wa kowa ba shi ne wani yaro mai babur da ya yi wata uku yana kawo kuɗin wando kaɗan-kaɗan. Ni na auna shi, ni na ce masa ya yi masa kyau, alhali na san daga dilar da wandon ya fito. Babur ɗin ma ba nasa ba ne, kullum sai ya kai wa mai shi kuɗin yini.

Sauran abin da na koya ba shi da yawa. Ku rubuta komai, ko da da ɗan'uwanku ne. Ku ɗauki hoton zanenku da kwanan wata kafin ku nuna wa kowa. Akwai hukumar OAPI a Yawunde da ke rajistar tambari da zanen kaya, rajistarta tana aiki a Kamaru da Chadi da sauran ƙasashen da ke cikinta. Sai da na makara na san da ita. Kar ku yi wa maigida magana a gaban yaransa. Kuma ku iya lissafin awannin da riga ta ci kafin ku amince da lada.

Yanzu na kama ɗan shago a Yelwa, keke ɗaya da teburin yanka, Baba ya ce zai riƙa leƙo ni ranar Juma'a bayan masallaci. Littafin yana hannun maigida har yau, na aika sau biyu an ce yana nema. Jiya wani ya shigo da ɗaya daga cikin sababbin jaket ɗin da aka yi bayan an cire hannuna, kafaɗar ta ɓalle tun ba a yi wata ba, domin ba su san ana sa shafi a ƙarƙashin fatar kafin a haɗa ta da shadda ba. Bai san ni ba. Na warware kafaɗar, na sa shafin, na mayar, na karɓi dubu ɗaya da ɗari biyar.