Ranar da rumbuna ya tsaya cak a 16

Asabar, bayan isha'i.

Ina dawowa daga masallaci da asuba ban ko cire hula ba na leƙa ɗakin aiki. Fitilu huɗun da ke gaban rumbu duk sun koma kore, faifai na ƙarshe ya gama kwasar kayansa cikin dare. Rumbu muke ce masa a gidan nan, baƙin akwatin nan mai cin faifai huɗu da ke haɗe da kwamfutocina ta waya. Duk bikin da na ɗauka a shekara bakwai yana cikinsa, tun daga kamu har kai amarya.

Wata biyu ke nan ina wannan aikin. Da, faifai huɗu ne masu terabait 4 a tsarin RAID 5, wanda ke cinye gurbin faifai guda don kariya, in ɗaya ya mutu sauran ukun su iya dawo da abin da ke kansa. Abin da nake da shi a hannu terabait 10.9 ne, kuma ya cika maƙil. Biki ɗaya da kyamara biyu yanzu yakan ci min gigabait ɗari uku ko fiye. Shi ya sa na riƙa tara kuɗi ina sayen masu terabait 8 ɗai-ɗai, biyu a Beirut Road, biyu aka aiko min daga Legas. Ba a sauya su a lokaci guda. Ka zare ɗaya, ka sa sabo, ka jira ya gama ginuwa, sannan na gaba. Kowanne ya ci fiye da kwana guda, kuma a wannan tsakanin babu kariya ko kaɗan, wani faifan na mutuwa komai ya tafi. A wannan zafin na bazara, ana ɗauke wuta ana kawowa, sau huɗu na kwana ina tashi ina duba batirin inbata, fanka kuma na juya ta wajen akwatin maimakon wajena.

Lissafina a takarda yake: ko da yake an rubuta 8 a jiki, kwamfuta 7.27 take nunawa, don masu ƙerawa da dubu-dubu suke ƙirga, ita kuma da 1024. Uku sau 7.27, ya kama 21.8. Na sha shayi, na zauna, na danna wajen faɗaɗa ma'aji, wato filin da aka ware a cikin rumbun don zuba fayiloli. Gurbin da ake rubuta girma ya ƙi karɓar komai sama da 16. Na goge na sake rubutawa, ya sake mayar da ni.

Gabana ya faɗi, don abin da ya fara zuwa raina shi ne ko an haɗa ni da jabun faifai, irin wanda ake sauya wa takarda a jiki. Na buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Kowanne 7.27, kowanne lafiya lau, gwajin gaggawa bai nuna ko tabo guda ba. A ƙasa ma ga shi ɓaro-ɓaro an rubuta jimillar fili 21.8. Akwatin yana ganin filin, amfani da shi ne ya ƙi. Na kashe na kunna. Na duba ko akwai sabuwar manhaja, babu. Hantsi ya yi ina nan jugum.

A nan wayar Hajiya ta shigo. Shekara biyar da suka wuce na ɗauki bikin 'yarta. Bayan mun gaisa, na yi mata ta'aziyya don na ji rasuwar maigidanta a watan jiya, sai ta ce, "Ɗana, wai har yanzu kana da bidiyon nan? Namu wayar da yake ciki ta lalace. Akwai inda Alhaji yake yi wa yarinyar nan nasiha, muryarsa nake so jikokinsa su ji." Na ce, "Hajiya, in sha Allahu yana nan, ki ba ni zuwa gobe." Muna ajiye waya na nemo shi. Yana nan. Na kunna wajen: dattijon a zaune kan darduma, farar babbar riga, ya dafa kan amarya da hannun dama, muryarsa tana rawa yana cewa ta riƙe haƙuri da sallah. Wannan minti huɗun bai shiga bidiyon da na tace na ba su ba sai rabinsa, cikakken yana wajena ni kaɗai a duniya. Na daɗe ina kallon akwatin bayan nan. Masu sana'armu da yawa suna goge ɗanyen aiki bayan wata shida, kuma ban ga laifinsu ba, faifai tsada gare shi. Ni dai hannuna ba ya iya zuwa wajen.

Bayan azahar na kira ƙanena, wanda ya karanci kwamfuta. Na zayyana masa komai. Bai bari na ƙarasa ba ya ce, "Yaya, karanto min lambar da ke bayan akwatin." Na karanta. Ya yi shiru yana dubawa, can ya ce, "Faifanka ƙalau suke. Ƙwaƙwalwar na'urar ce mai bit 32."

Yadda ya fahimtar da ni ke nan, kuma na rubuta don kar in manta. Na'urar tana yanka ma'aji gutsi-gutsi, kowane gutsure kilobait 4, kowanne kuma sai ta ba shi lamba kafin ta san inda yake, kamar yadda ake lambar rumfuna a kasuwa. Mai bit 32 ƙirgenta yana ƙarewa a 4,294,967,296. Ka ninka wannan da kilobait 4, terabait 16 cif. Bayan nan ko fili ya kai daga nan zuwa Zariya, ba ta da lambar da za ta liƙa masa. Ya ce irin wannan ce ta faru a da da tsohon tsarin raba faifai na MBR, wanda ke tsayawa a terabait 2. Babu sabunta manhajar da zai gyara, don a jikin ƙarfen abin yake. Ya turo min takardar bayanin na'urar, ga layin nan a tsakiya: mafi girman ma'aji guda, terabait 16. Takardar nan tana cikin kwalinsa tun ranar da na saya. Na ji zafin rashin karanta ta kafin in kashe kuɗin.

Na ce to yanzu saura 5.8 ɗin sun tafi ke nan? Ya ce a'a, iyakar ta ma'aji guda ce, ba ta akwatin duka ba. In tun farko an tsara filin yadda zai karɓi ma'aji fiye da ɗaya, sai a buɗe na biyu a ragowar. In kuwa a tsarin ma'aji guda aka kafa shi, sai an kwashe komai an rushe an sake. Na duba hannuna na ɓari. Allah ya taimake ni, mai karɓar da yawa na zaɓa a wancan lokacin.

Na faɗaɗa na farkon zuwa 16, na buɗe na biyu da ragowar. Ba haka na so ba. Babban fayil guda ba ya tsallaka ma'aji biyu, dole in raba kayan da kaina. Na yanke: ɗanyen aiki a babban, wanda aka tace da hotuna a ƙaramin. Sabon akwati mai bit 64 shi ne maganin gaskiya, amma kuɗin makarantar yara na gaba da shi, sai bayan bukukuwan ƙarshen shekara in Allah ya kai mu.

Kafin mu rabu ƙanena ya ƙara da magana ɗaya. "Yaya, RAID ɗin nan mutuwar faifai kawai yake tarewa. Gobara, ɓarawo, wuta mai ƙarfi, ko ka goge abu bisa kuskure, ba ruwansa." Tsofaffin faifan huɗu suna nan a durowa a naɗe cikin ledarsu, niyyata da in sayar in rage asara. Na fasa. Zan sayo musu gida mai USB, in kwafe bukukuwan da suka fi daɗewa, in kai su gidan Umma su zauna a can.

Da magariba mai ɗakina ta kawo min tuwo har nan, ta dubi fitilun ta ce, "Baban yara, yau dai a juyo mana fankar nan." Na juya mata ita.

Yanzu bikin 'yar Hajiya yana kwafuwa zuwa filas, cikakke, har da wajen nasihar da ban taɓa yankewa ba. Ya kai kashi 62. Na yanke minti huɗun daban a ƙaramin fayil yadda zai shiga WhatsApp, don jikokin da ke nesa. Gobe bayan la'asar zan kai mata da kaina.