Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Jikar Maharbi a Filin Harbi

Makon jiya na tsaya ne a inda ɗan sanda ya zo gidanmu ya duba akwatin ƙarfen da na kafe a bango. A Ingila ba a ba ka takardar mallakar bindiga sai an ga inda za ka kulle ta, kuma duk shekara 5 sai ka sabunta. To, takarda ta fito.

Asabar ɗin da ta biyo baya muka ɗunguma filin harbi, ni da uwargida da 'yarmu mai shekara 13. Abin da ake harbi ɗan faifai ne ruwan lemo, faɗinsa santimita 11, na farar ƙasa da kwalta. Turawa na ce masa tantabarar yumɓu, saboda a da tantabaru masu rai ake saki, sai a 1921 doka ta hana. Kana yin kira na'ura za ta cilla shi sama. Zagaye ɗaya faifai 25 ne.

Ni jikan maharbi ne. Ina yaro na sha zama kusa da kakana a Birnin Gwari yana ɗura albarushi a harba-ka-ruga, yana dannawa da tsumma. Har yau ina jin warin nan a hancina. Shi ya sa da na fasa 9 kacal abin ya yi min ciwo ƙwarai, kamar na kunyata shi. Ita kuwa yarinyar ta fasa 6, ta koma mota kafaɗa a kumbure, ba ta ce uffan ba.

A hanya na ba ta labarin da Kaka ya sha faɗa min, cewa ba inda zabuwa take ake harbi ba, inda za ta ake harbi. Ni a bakina labari ne kawai. Ashe ita ta riƙe.

Bayan wata 8 na tsaya a bayanta ina kallo. Ta manna kunci a jikin katakon bindiga, idanu biyu a buɗe, faifai ya fito ta bi shi da bakin bindiga har ta ɗan wuce shi, sannan ta ja kunama hannu bai tsaya ba. Faifan ya zama ƙura. Ranar 21 ta fasa. Uwargida, wadda ita ce mai riƙe mana takardar maki da fulas ɗin shayi, ta ƙirga sau biyu kafin ta yarda.

Da muka dawo gida yarinyar ta buɗe min bidiyon Amber Rutter, Baturiyar da ta ci lambar azurfa a gasar Olamfik ta Faris a 2024, wata 3 bayan ta haihu. Ta ce, “Baba, ka san ita ma kakanta ne ya koya mata?” Na kasa amsawa, na tashi na shiga ɗaki. Kakana bai ga yarinyar nan ba, ya rasu tun kafin in yi aure.

A daren na rubuta sunanta a gasar matasa da za a yi a Bisley, babban filin harbin da ke kudu maso yammacin Landan. Washegari na kira Hajiya a Kaduna na faɗa mata. Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, “'Ya mace da bindiga? Ba ni uwarta.”

Yadda suka ƙare sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.