Abin da kundin Sankara ya koya mini

Yanzu da takardar shaidar digirina na biyu ta shigo hannu, zan iya faɗin abin da na daɗe ina haɗiyewa game da kundin da na rubuta a kan Kyaftin Thomas Sankara, wanda ya karɓi mulkin Haute-Volta a ranar 4 ga Agusta, 1983, ya kuma sauya wa ƙasar suna zuwa Burkina Faso bayan shekara guda.

Babi na uku ne ya ja mini. Malamin da ke duba aikina, wanda hoton Sankara ke rataye a bangon ofishinsa, bai taɓa ko waƙafi ba a shafukan da na yi bayanin rigakafin ƙyanda da sanƙarau da shawara da aka yi wa yara sama da miliyan 2 a 1984, da yadda aka sayar da Marsandin gwamnati aka koma wa ƙaramar Renault 5, da jawabinsa na Addis Ababa a 1987 inda ya nemi ƙasashen Afirka su haɗa kai su ƙi biyan bashi. Amma da ya iso inda na kawo korar malaman makaranta fiye da dubu saboda yajin aikin Maris na 1984, da cin zalin da wasu matasan kwamitocin kare juyin juya hali (CDR) suka riƙa yi wa jama'a da bindiga a hannu, sai ya ja jan biro daga sama har ƙasa, ya rubuta cewa Faransa nake yi wa aiki. Na nuna masa cewa Sankara da bakinsa ya soki wannan ɗabi'a a taron kwamitocin na Afrilun 1986, bai ko ɗago kai ba. Kundin ya yi ta kwana a aljihun teburinsa har shekarar karatu ta wuce, na sake biyan kuɗin makaranta, alhali kowa a sashen ya san su wane ne ke zuba masa mai a mota.

Shawarata ga na baya ita ce su binciki abin da malami yake ƙauna kafin su zaɓi maudu'i, su kuma riƙa ajiye kwafin duk gyaran da aka yi musu, da kwanan watansa.

Ban cire babin ba, kamar yadda ban cire na kisan Sankara da mutum 12 a Wagadugu ranar 15 ga Oktoba, 1987 ba, har zuwa ɗaurin rai da rai da kotun soja ta yanke wa Blaise Compaoré, wanda ya karɓi mulki bayan kisan, a 2022, ba ya nan. Mai jarrabawa daga waje a kan babi na uku ya fi daɗewa, kuma gyaran rubutu kawai ya nema.