Kullun masa da maganar duniyoyi barkatai

Duk wanda ya taɓa leƙa kullun masa a Bauchi bayan an sa yis an rufe, ya ga yadda yake tashi, kumfa na ɓullowa nan da can. Wannan hoton zai taimaki ɗalibin fiziks, na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa (ATBU) ne ko na sakandare, ya gane inda masana suka samo batun duniyoyi barkatai. Da "duniya" ina nufin sararin samaniya dungurungum, ba ƙasar da muke takawa ba.

A fara da abin da aka auna. Shekarun sararin nan kusan biliyan 13.8 ne. Akwai wani tsohon haske da ya taso shekara 380,000 bayan farawarsa, wanda masana Penzias da Wilson suka ba da labarin gano shi a 1965. Zafinsa digiri 2.7 a ma'aunin Kelvin, wanda ke fara ƙirga daga sanyin da babu na ƙasa da shi, kuma in an cire tasirin tafiyar da mu kanmu muke yi, bambancin gabas da yamma bai wuce kashi 1 cikin 100,000 ba. A nan gizo ke saƙa. Ɓangarorin biyu sun yi nisan da ko haske bai samu lokacin haɗa su ba, to ta yaya zafinsu ya zo ɗaya?

Amsar da Alan Guth ya wallafa a 1981 ita ce kumburi: a farkon fari sarari ya ninka girmansa sau 1 mai sifili 26 ko fiye, cikin ɗan lokacin da ko ƙiftawar ido ta fi shi nesa ba kusa ba. Wuraren da suka taɓa zama manne suka watse da zafi iri ɗaya. Sai Vilenkin a 1983 da Linde a 1986 suka nuna cewa a yawancin lissafin, kumburin ba ya tsayawa ko'ina lokaci guda. Inda ya tsaya, kumfa ta fito, duniya ke nan irin tamu. Kullun, wato sararin da ke tsakanin kumfa, kuwa yana ci gaba da ninkuwa fiye da saurin fitowarsu, don haka ba ya ƙarewa. Bambancinsa da na masa, wannan ba shi da roba, ba kuma ranar suya.

Babu wanda ya hango wata duniyar. Lissafin kumburi ne ya haifo ta, kuma ina ganin wajibi ne mai bayani ya faɗi haka tun farko. Shi ya sa nake jin tsoron yadda wasu ke gaggawar jingina wannan hasashe da kalmar "alamina" ta Alƙur'ani a Facebook. In gobe lissafin ya rushe, me za a ce?

An gwada nemo shaida. Da wata kumfar ta taɓa karo da tamu, da ta bar tabo mai siffar da'ira a tsohon hasken. A 2011 an tace bayanan tauraron ɗan'adam na WMAP, ba a samu abin kamawa ba. A Maris 2014 kuma masu na'urar BICEP2, can ƙarshen kudancin doron ƙasa, suka sanar da ganin wata murɗiya a hasken, wadda ake sa ran kumburi zai bari. Kafin shekara ta zagayo, bayanan tauraron ɗan'adam na Planck suka nuna ƙurar da ke cikin garken taurarinmu ta isa ta haifar da abin da suka gani. Mutumin da ya san yadda hazon hunturu ke sauya launin rana ba zai yi mamaki ba. Ko da ma murɗiyar ta tabbata, kumburi za ta ƙarfafa, ba kumfa za ta ƙirga ba.

Matsalar da ta fi damuna ta ƙirga ce. In duniyoyin ba su da iyaka, yaya za a ce irin tamu ce ta fi yawa ko ta fi ƙaranci? Ɗauki biro ka jera 1, 2, 3, 4, ka ci gaba: rabi ne ke rabuwa biyu daidai. Sake jerawa 1, 3, 2, 5, 7, 4, 9, 11, 6. Ba ka zubar da lamba ko ɗaya ba, amma yanzu ɗaya cikin uku ne. Amsar ta rataya ga yadda ka jera, kuma har yau masana ba su daidaita kan jeri ɗaya ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa Paul Steinhardt, wanda da hannunsa aka gina ka'idar kumburi a 1982, ya dawo yana sukarta.