Ɗan gwaji ko ɗan talala?

Ranar da na karɓi takardar kama aiki, layi ɗaya ne ya tsaya min a rai: zan yi shekara 2 ina ɗan gwaji kafin a tabbatar da ni. Haka ƙa'idar aikin gwamnatin tarayya take a Najeriya. Ni kuwa da na ga kalmar gwaji sai na ɗauka irin jarrabawar makaranta ce, akwai rana guda da za a zaunar da ni a auna, kafin nan in sha kurumina.

Wani dattijon masinja ne ya farkar da ni. Ya ga na makara kwana uku a jere, ya ja ni gefe ya ce, "Ɗana, kai fa talala aka yi maka, kada tsawon igiya ya ruɗe ka."

Na ji haushi. A rediyo na san ɗaurin talala, wato a tsare ɗan siyasa a gidansa, ko alƙali ya saki mai laifi bisa sharaɗi ana sa masa ido, kamar yadda dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta tanada. Na ce, "Baba, laifin me na yi?" Ya yi dariya ya tambaye ni ko na taɓa kiwo. Asalin kalmar a can take: a kafa turke a makiyaya, a ɗaure akuya da doguwar igiya. Tana cin ciyawa, tana zagayawa, har ta manta a ɗaure take, sai ta nufi gonar mutane igiya ta fizgo ta.

Tun daga nan na fara lura. Babu wanda ya taɓa ce min yau ake gwada ka. Littafin sa hannu na safe, fayil ɗin da ya kwana a teburina, yadda na amsa wa maigidana ranar da raina ya ɓaci, duk suna taruwa a rahoton da zai rubuta a kaina. Jarrabawar tabbatarwa ma, da nake ta fargaba, ita ta fi komai sauƙi.

A takarda har yau gwaji nake rubutawa, don talala tana da warin kotu, sabon ma'aikaci zai iya tsorata. Takardar tabbatar da ni kuwa sai da ta ƙara wata bakwai a kan wa'adi kafin ta fito. Na kai wa Baba ita har gida, lokacin ya yi ritaya. Ya jujjuya ta, ya ce in kawo goro.