Ingarman da ke tsallake shinge da 'ya'yan da suke bari

A Birtaniya da Ayilan, kusan duk dokin da ke sukuwar tsallake shinge an dandaƙe shi tun yana ƙarami. Masu horarwa suna da hujjarsu: ingarma yana da taurin kai, hankalinsa yakan koma kan goɗiya, wuyansa kuma yana yin kauri da nauyi yayin da yake girma, alhali wannan sukuwa tana buƙatar dokin da zai yi shekaru yana bin linzami. Na fahimci hujjar, amma asarar da ke cikinta tana damuna, domin dokin da ya fi kowa iya tsallake ba zai bar ɗa ko ɗaya ba. Sai masu kiwo su koma ga ingarman da suka yi sukuwar da babu shinge kawai, suna fatan 'ya'yansu za su iya abin da ubanninsu ba su taɓa gwadawa ba.

Fortina ya nuna abin da ake rasawa. Shi kaɗai ne ingarman da ya taɓa lashe Kofin Zinare na Cheltenham, babbar gasar tsallake shinge ta Ingila, a 1947, kuma da aka ajiye shi don barbara sai ya haifi Fort Leney da ya ci kofin a 1968, da goɗiya Glencaraig Lady da ta ci a 1972. Midnight Legend ma ya tsallake ƙananan shingaye kafin ya haifi Sizing John, wanda ya ci kofin a 2017.

Faransawa ne suka riƙe wannan hanya da gaske. A filin Auteuil da ke Paris ana sa dawaki tsallake tun suna shekara 3, don haka ingarma yana iya nuna bajintarsa ya bar fili kafin ƙafafunsa su gaji. Ta nan Kapgarde ya bi, uban A Plus Tard da ya ci Kofin Zinare a 2022, haka ma Saint des Saints da Blue Bresil, uban shahararren dokin tsallake Constitution Hill.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Nickname, ingarman da shi ma ya yi sukuwar tsallake. Ya mutu a 2011 bayan 'yan shekaru kaɗan yana barbara, amma cikin 'ya'yan da ya bari akwai Cyrname da Frodon, wanda ya lashe gasar tsallake ta King George a filin Kempton na Ingila a 2020. Ba kowane ingarma ne ke yin irin wannan nasara ba, kuma riƙe shi yana cin kuɗi da haƙuri, sai dai yanzu masu sayen dawaki daga Ingila da Ayilan Faransa suke nufa da kuɗinsu.