Maganin da ba ya jira: yadda ake ciro Mo-99 daga yuraniyom

Mu dai da an ce yuraniyom sai hankali ya tafi kan bam ko wutar lantarki, amma ni abin da ya fi tsaya min a rai wani sinadari ne da ake cirowa daga cikinsa saboda marasa lafiya, Molibdinom-99, masu aikin Mo-99 kawai suke ce masa. Shi ne yake rikiɗa ya koma Teknishiyom-99m, wanda ake yi wa mutum allurarsa a ɗau hoton ƙashi ko zuciya ko ƙoda, a gano ko cutar kansa ta bazu. Kusan kashi 80 cikin 100 na hotunan da ake ɗauka a likitancin nukiliya duk duniya da shi ake yi.

To ya ake samo shi? Ana haɗa yuraniyom da alminiyom a yi ƴan faranti, a zura su cikin tukunyar nukiliya ta bincike kamar sati ɗaya, ƙwayoyin yuraniyom-235 su yi ta farfashewa, kuma cikin duk fashewa 100 kusan 6 ne kawai ke ba da Mo-99, sauran tarkace ne iri-iri masu tiririn da ɗan adam ba ya iya tsayawa kusa da su. Shi ya sa a wani ɗaki mai kaurin bango ake aikin, ma'aikaci yana waje yana leƙe ta gilashi mai dalma, yana juya hannuwan ƙarfe su ne ke ɗauka su zuba. Sai a narkar da farantan a ruwan soda mai ƙarfi, yuraniyom ɗin ya kwanta ƙasa a tace shi, Mo-99 ya bi ruwa, daga nan a yi ta bi da ruwan ta matatai ɗaya bayan ɗaya har ya fita tas, don fa jinin mutum zai shiga, ba wasa. A hanya ma ana tsintar Aidin-131 da ake maganin ciwon maƙoƙo mai guba da kansar wurin da shi.

Inda gizo ke saƙar shi ne lokaci. Duk awa 66 rabin Mo-99 ya tafi, shi kuwa Teknishiyom awa 6 ne. Ba a ajiye shi a sito, dole duk sati a yi sabo a sa a jirgi. Yana isa asibiti cikin wata gwangwani mai nauyin tsiya saboda dalma, kullum da safe a zuba ruwan gishiri a tatso Teknishiyom kamar ana tatsar saniya, bayan sati ɗaya ko biyu ta ƙafe.

Kuma tukwanen da ke ciyar da duniya ba su da yawa, akwai Petten a Holan, BR2 a Beljiyom, OPAL a Ostireliya, sai SAFARI-1 a Pelindaba ta Afirka ta Kudu. A 2009 da ta Chalk River a Kanada ta fara yoyo aka rufe ta, sannan ta Petten ma ta tsaya gyara a 2010, asibitoci har na ƙasashen masu kuɗi sai da suka dinga ɗaga wa marasa lafiya rana.

Wallahi abin yana ci min rai in na tuna garin Arlit na Nijar, shekara da shekaru ana haƙar yuraniyom a can, amma mai cutar kansa a Yamai ko Abuja ko Ibadan sai ya jira jirgi daga waje, in kaya suka kwana biyu a filin jirgi ana cike takardu kusan kashi 40 ya salwanta. Tukunyarmu ta Zariya kilowat 34 ce, SAFARI-1 kuwa megawat 20, don haka ba ta wannan aikin ba ce. Ko ba mu kai ga yin namu ba tukuna, ai kwastan da hukumomin lafiya za su iya ware wa wannan kaya layinsa daban, yana sauka a wuce da shi asibiti a ranar.